Nomau da Jirgin Korar Jan-baki

A Fadamar Marke, can bakin kogi, akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kulu da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Nomau, ƙato mai faɗin ƙirji, ga zuciya fara tas. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai mai maganar ba can ka nufa ba. Mutanen gari wawa suke ce masa, amma da zarar amalanke ta kafe a laka sunansa ake fara kira. Ƙaramin kuwa Haladu ne, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa. Kansa na ja, sai dai bakinsa ya fi kan nasa sauri, kuma duk zaman da suka yi tare bai koyi auna magana ba in zai aiki yayansa.

Abincin gidan nan na shekara daga gona ɗaya yake fitowa, ta shinkafa, wadda maigidan ya rasu ya bari. Bara tsuntsayen nan jan-baki suka sauka a kanta tana cikin nono, suka tashi suka bar kara tsaye. Inna Kulu, matar da ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba, ta ƙare shekara tana aika kwano gidan maƙwabta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta daina zuwa suna da biki don kunya. Bana shinkafa ta yi kyau ta fitar da kai, masunta kuma sun fara cewa suna hango tsuntsayen a ciyawar ƙetaren kogi.

Haladu yana da wani ɗan jirgin sama da ya ƙera da farin abin nan mara nauyi da ake naɗo firiji a ciki. Da batir yake tashi, ana juya shi daga ƙasa da rimot mai 'yan sanduna biyu. Da shi ya ƙudurta zai kori jan-baki. Sai dai injinsa rago ne, iska kaɗan take mai da shi baya, batirin kuma kafin ka gama shan koko ya mutu. Dole a sake inji, a sake batir. Kuma tunda ba wani a gidan, dole a sa Nomau cikin aikin.

Wata rana Haladu ya ce, "Yaya, ka shiga gari wajen mai shagon kayan wuta, na riga na yi masa magana. Ka ce ya ba ka inji, wanda ya fi kowanne ƙarfi." Nomau ya tafi. Mai shago ya kwance wata 'yar leda ya miƙo masa wani abu da bai fi goro girma ba. Nomau ya juya shi a tafin hannu, ransa ya ɓaci.

"Malam, yaro ka ɗauke ni? Tsakaninka da Allah, wane inji ne ya fi ƙarfi a shagon nan?"

Mai shago, da yake shi ma ɗan neman magana ne, ya nuna masa injin ban-ruwa da ke girke a bakin ƙofa. Da la'asar sai ga Nomau ya turo shi a kura, gumi har gadon baya. Haladu ya dubi injin, ya dubi jirginsa.

"Yaya, a ina zan ɗaura wannan?"

"Ni ma na yi ta tunani a hanya. Ina ga sai dai a ɗaura jirgin a kansa." Sannan ya laluba aljihu ya fito da 'yar ledar. "Mutumin kirki ne fa. Har gyara ya ba ni."

Gyaran nan shi ne injin da ake nema. Washegari Nomau ya sake tura kura zuwa gari, yana mamakin mutumin da zai riƙe gyara ya mai da kaya.

Wata rana kuma, bayan an ɗaura sabon inji, sabon batir ya iso. Ya fi tsohon daɗewa, amma ya fi shi nauyi, jirgi ya zama kamar jakin da aka yi wa lodi. Ana cikin haka aka zo kiran Haladu gyaran fankar masallaci. Yana saka takalmi ya ce, "Yaya, rage masa nauyi kafin in dawo. Duk abin da ka ga ba ya aikin komai a jikinsa, cire shi." Shi tsofaffin wayoyi da tarkacen gam yake nufi.

Nomau ba mutum ne mai zalunci ba, bai cire komai ba sai da ya bincika. Ya taɓa farfela, tana juyawa. Ya gungura taya, tana tafiya. Ya kaɗa jela, tana motsi. Ya zo kan fikafikai ya zauna yana kallonsu, ya ba su lokaci isasshe, ko gezau ba su yi ba. Da Haladu ya dawo ya tarar da jirgi sumul kamar rogo, fikafikan na jingine a bayan ƙofa.

"Yaya, me suka yi maka?"

"Ai ba su yi komai ba, shi ya sa. Na tsuntsu kaɗawa suke yi. Waɗannan tun da ka ƙera shi suke miƙe, ana ta yawo da su a banza."

Gam da tsinken tsire suka sha aiki a hannun Haladu a ranar, Inna Kulu kuma ta zauna a ƙofar ɗaki ta zuba tagumi tana duban sama.

Wata rana aka aiki Nomau wajen mai caji da batirin. Haladu ya ja masa kunne: "Irin wannan batir in ya yi zafi kumbura yake yi, har ya kama da wuta. Kada ka kuskura ka bari ya yi zafi." Nomau ya ari maficin Inna ya tafi. Aka jona batir, ya tsuguna a gabansa, yana taɓa shi da bayan hannu kamar mai jinyar jariri. Da ya ji ɗan ɗumi sai ya zare waya, ya kai shi inuwa ya yi masa fifita. In ya huce ya mayar, in ya ɗumama ya zare. Mai caji ya yi magana har ya gaji. Da yamma Nomau ya dawo gida yana murmushi.

"Taɓa ka ji, Haladu. Sanyi ƙalau."

Sanyi kam akwai. Wuta ce babu, ko farfela bai iya juyawa ba.

Wata rana aka fita gwaji a filin bakin kogi, komai ya kammala. Haladu ya riƙe rimot ya ce, "Yaya, ɗaga shi sama, ka fuskanci iska ka yi gudu. Kada ka sake shi sai ka ji na ce saki." Ya tura sanda, sabon inji ya ɗau kuka irin wanda tsohon bai taɓa yi ba. Nomau ya zuba da gudu. Haladu ya ce saki. Ya sake cewa saki, ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta tashi, amma inji na bisa kunnen Nomau, ba abin da yake ji sai ƙara. Ya wuce fili, ya ratsa garken shanu, ya gangara gaɓa. Can masunta suka tsamo shi, ruwa har haɓa, hannuwa a sama, jirgi ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Ban ji ka ce ba," in ji shi, yana tofar da ruwa.

Haladu ya karɓi jirgin a fusace, bai lura gwiwar hannunsa ta tura sandar rimot ba. Farfela ta zabura ta tsaga masa babban yatsa, wanda da shi ake tuƙi. Aka naɗe yatsa ya zama kamar taɓarya. A yammacin nan aka ga jan-baki sun keto kogi kamar hayaƙi, suka sauka a gonakin gabas. Inna Kulu ba ta ci tuwo ba. Tsoro ya kama ta sosai, ta ce ita ba za ta iya sake aika kwano gidan kowa ba.

Wata rana, wato washegarin ranar, Haladu ya yi sammako zai je ƙauyen gaba ya ɗauko wani abokinsa da ya iya tuƙin jirgin. Ya miƙa wa Nomau jirgi da rimot.

"Yaya, kai shi gona ka jira mu. Don Allah kada ya ɓata, kada ya karye. Ka kula da shi kamar yadda kake kula da akuyar Inna."

Wannan kam aiki ne da Nomau ya sani. Ya sami doguwar gwangwala ya kafa a tsakiyar gona, turke ke nan. Ya kwanto igiyar shanya, ya yi mata zobe sako-sako a kan turken don kada dabba ta nannaɗe kanta. Akuya a ƙafa ake ɗaure ta, amma ƙafar jirgi ta yi gajarta, sai ya ɗaure bakin fiffike. Ya rataya masa ɗan gwangwani da tsakuwa a wuya. Ya ajiye kwanon dusa da na ruwa a kan kunya, ya koma gefe ya zauna.

Jirgi ya kwanta shiru. Hankalin Nomau ya tashi, don akuya mai lafiya in an ɗaure ta zagaye turke take yi. Ya ɗauke shi, ya ja har igiya ta miƙe, ya tura sandar rimot rabi yadda ya ga ƙaninsa na yi. Yau ba wanda ya hana shi saki, sai ya saki.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Haladu ya dawo shi kaɗai, abokin ya yi tafiya. Ya biya gida ya tarar Inna ta yafa mayafi za ta gona, ta ce gara ta gani da idonta. Tun daga nesa suka hango baƙin garken tsuntsaye yana sauka yana tashi, Inna ta dafa kafaɗar ɗanta. Da suka matso sai suka ji ƙara. Ga jirgi can yana zagaye turke bisa kan shinkafa, inji na kuka, gwangwani na kacau-kacau, igiya na share iska daga wannan kunya zuwa waccan. Jan-baki su taho, su tarwatse, su haɗu su sake tahowa, su tarwatse. Daga ƙarshe suka karkata suka bi kogi.

Haladu ya bi jirgin da kallo. Ba matuƙi, ba faɗuwa, ba ɓata, kuma da yake rabin wuta aka ba shi batir bai ko gaji ba. Duk ƙoƙarinsa na neman ƙarfi da gudu, ashe abin da jirgin ya rasa turke ne. Ya juya a guje ya koma gida ɗauko tsohon batir, don a riƙa canji safe da yamma har a yi girbi.

Inna Kulu ta shiga gona a hankali. Ta kama zangarniya ɗaya ta murza, ta ji ta cike. Ta kama wata. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Nomau ya matso kusa da ita, fuskarsa duk damuwa, yana nuna kwanon da ke kan kunya.

"Inna, tun safe yake zagaye, amma ko sau ɗaya bai sauko ya ci dusar ba."

Ta dube shi, tana dariya tana kuka.

"Ƙyale shi, ɗan nan," in ji ta. "Bana mu ne za mu ci."