Yadda Dakta Kailani Ya Goge Zinari

Kai, Allah Ya yi wa Tudun Wada gata da Ya ba ta Dakta Kailani! Sati uku kacal ya yi a Jamus, shekara goma ke nan, amma har yau ko kunu aka miƙa masa sai ya faɗi yadda Jamusawa ke riƙe kofi. 'Yan unguwa na kiransa Fitilar Zazzau, shi kuwa har ɗaga hannu yake yi.

Fanninsa a jami'a, in ji shi, haske ne da ƙarfe. Mai aikin dai ɗalibarsa ce, Bahijja. Shekara biyu baiwar Allahn nan tana fama kafin ta samu wani ɗan faifan zinari kamar farce, mai zanen layuka sirara, waɗanda silin gashi ya ninka kaurinsu sau ɗaruruwa. In haske ya faɗa kan zanen, sai ya shanye wani launi ya mayar da wani, zinarin ya koma kore shar, in an karkata shi ya yi ja. Babu fenti, zanen ne kawai. Guda ɗaya tak ya yi kyau, kuma shi za ta nuna wa mai jarrabawa washegari. In babu shi, babu digiri.

Dakta ya ce zai tafi da shi gida ya duba.

"Yallaɓai, don Allah kada a taɓa fuskarsa, ko da auduga ce," in ji Bahijja.

"Ni za ki koya wa? Ina Jamus kina aji nawa?"

Wane gida! Bayan La'asar sai ga shi a majalisa, ƙofar shagon Malam Salmanu maƙerin zinari. Ya gyara murya.

"Jama'a, ku matso. Abin nan, a duk Arewa mutum ɗaya ne ya fahimce shi, kuma tawali'u ya hana ni faɗin sunansa."

Ya buɗe ɗan akwatin da faifan ke ciki a inuwar rumfa, launin bai fito sosai ba. Dattawa suka leƙa, suka ce su fa ba su ga abin a zo a gani ba. Ran maza ya ɓaci. Ya ce dauɗa ce, ya hura masa iska kamar tabarau, ya murje da hannun riga.

"Dakta, ba zane ka ce ba ne?" in ji Malam Salmanu. "Mu in mun yi wa zobe zane ba ma dirje shi. Fito da shi rana mana."

"Malam Salmanu, ƙira daban, kimiyya daban."

Ya fizgi ƙyallen goge zobba na maƙerin, ya dangwalo garin gogewa, ya dirza har da gumi. Faifai ya yi fes, sai ƙyalli. Aka fita rana, aka karkata dama, aka karkata hagu. Ba kore, ba ja. Dakta ya bayyana wa jama'a cewa ranar Zariya ce ba ta kai ta Jamus inganci ba.

Da safe, gaban mai jarrabawa, Bahijja ta buɗe akwatin da Dakta ya dawo mata da shi. Kallo ɗaya ta yi masa idanunta suka ciko. Wallahi abin da ban tausayi, shekara biyu ta tafi a ƙyalle. Mai jarrabawa ya tambayi ina launin. Sai ta miƙa wa malaminta faifan da hannu biyu.

Fitilar Zazzau ya karɓa, ya duba. Zinari ya zama madubi sumul, babu komai a ciki sai fuskarsa. Ya ɗan gyara zaman hula.