Rasuwar Gwaggo, Mai Gwada Mana Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da abokan aiki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburina, kusa da kwandon shara. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara bakwai tana yi mana hidima.

Ga waɗanda ba su san ta ba, mu goma sha ɗaya ne, kowa a garinsa, muka haɗa hannu kan manhajar da ke tura wa majinyata saƙon ranar komawa asibiti. Duk wanda ya turo gyara, sai ya bi ta hannun marigayiya, ta yi masa gwaji ɗari biyu da goma sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya. In ya tsallake, ta ce “ƙit”, ta kunna kore. In ya faɗi, ta ce “ƙiiit, ƙiiit, ƙiiit”, ta kunna ja, kuma ko kai ka haife ta ba ka wucewa. Shugabanmu ma ta taɓa mayar da shi sau biyu a rana guda, har ya rantse sai ya kai ta wurin masu gwangwan.

Ba ta taɓa ƙarya ba sai da na koya mata.

Wata huɗu da suka wuce na turo gyara, ta kunna ja a gwajin kwanan wata. Na sake turawa, ja. Uwargida tana ƙofar ofis cikin mota, sai danna hon take, za mu je duba surukata. Sai na buɗe fayil ɗin, na sa alamar da za ta sa Gwaggo ta ƙetare gwajin ba ta yi shi ba, na ce gobe na gyara. Baiwar Allah ta ce “ƙit”. Goben nan har yau ba ta zo ba.

A ƙarshen watan jiya majinyata sittin da uku suka samu saƙo da ranar da ba ita ba. Akwai tsofaffin da suka yi doguwar tafiya, aka ce musu su koma. Da aka duba, gyaran ƙarshe da ya shiga na Malama ne, malamar lissafin nan da ke taya mu aiki a ƙarshen mako don Allah kawai. Aka ɗora mata, aka karɓe izininta na shigar da gyara. Ta rubuto tana ba kowa haƙuri, har da ni. Ni kuwa na amsa mata cewa kada ta damu, kowa na iya kuskure. Wallahi da hannun nan na rubuta.

Jinyar Gwaggo ba ta yi tsawo ba. Shugaba ya ce a binciki duk bayanan da ta ajiye, don a gano tushen kuskuren. Kwana biyu fankarta na “gurrr, gurrr”, a na uku ta yi wari, faifan ajiyarta ya tafi da komai. Ina zaune a kanta. Maimakon hawaye, sanyi na ji a raina, domin shaidar da za ta tona ni ta mutu. Wannan sanyin ne ya hana ni haɗiye abinci har yau.

Ta rasu ta bar allo mai tsagu a gefe, da linzamin kwamfuta da sai an buga shi yake motsi, da gwaji ɗari biyu da goma sha uku masu rai, da guda ɗaya da na binne da ransa.

Za a sallame ta ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, a ofis. Mai gyaran kwamfuta zai kakkaɓe mata ƙura, a sa ta a kwalin da ta zo da shi. Kada kowa ya yi mini gaisuwa, ban cancanta ba. Na riga na cire alamar, gwajin yana can kan sabuwar na'urar da ta gaje ta, ja wur, da sunana a gefe, kowa ya buɗe ya gani. Roƙona shi ne a mayar wa Malama izininta kafin a ɗaga gawa, a karɓe nawa.

Malama, ke za ki rufe kwalin, in kin yarda ki zo. Ina bakin ƙofa, ba zan shigo ba sai kin ce.