Ranar da Na Zama Bakin Surukina a Asibiti

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina wakilin surukina a asibiti ba. Na ce na naɗa kaina domin babu wanda ya roƙe ni. Hasali ma roƙona aka yi na bari.

Ga inda abin ya samo asali. Shekarar da ta gabaci wannan na yi jinyar yayana a wani babban asibiti a Kano, bayan ya faɗi a babur. Na kwana a baranda, na san inda ake yankar kati, na san tagar karɓar magani, na san nas ɗin da ake gaisarwa da wadda ake kauce wa. Da na dawo ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, sai kaina ya kumbura. Ko ciwon haƙori aka ambata a majalisa sai na gyara zama na ce, "Ai asibiti, in ba ka da mai yi maka magana, a layi za ka ƙare." Maganar gaskiya ce, har gobe ban janye ta ba. Matsalar ita ce na ɗauka ni ne mai maganar da aka aiko wa yankin gaba ɗaya, alhali sana'ata noman tumatir ce a Watari. (Ga ni kuma da azarɓaɓi. Mahaifiyata ta ce ko a goye ban taɓa barin bayanta ya huta ba.)

Wata safiya matata Hadiza ta dawo daga gidansu jiki a sanyaye. Ta ce Baba, wato mahaifinta, ba shi da lafiya, kuma Inna ta ce wai ciki ne. Kafin ta rufe baki na riga na fara neman makullin babur.

"Ka bari Kawu Ado ya kai shi," in ji ta. "Inna ta riga ta aika masa."

"Kawu Ado? Mutumin da ko ƙofar asibiti bai sani ba? Sai dai su wuni suna gaisawa da mai gadi."

"Ni dai da ka bari."

Ban bari ba. Na isa gidan, na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa na gaida Baba kamar yadda aka saba. Dattijo ne mai kamun kai, irin wanda tunda na auri 'yarsa ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar fuskarsa ba. Na same shi a tsaye, ya dafa bango, gumi na karyo masa da sassafe. Ya ce a jira ƙaninsa Kawu Ado. Na ce, "Baba, layi ba ya jira. Ku hau kawai, ai ni asibiti gidana ne." Kunya ta hana shi musu da ni, ya hau.

Hanyarmu kuwa duk wanda ya san ta ya san ramuka sun fi kwalta yawa. Na murɗa babur kamar an biyo ni, duk ramin da muka faɗa sai na ji Baba ya ce "Ya Salam" ƙasa-ƙasa. Ba mu yi nisa ba ya taɓa kafaɗata.

"Malam, ɗan tsaya."

Ya sauka, ya shige cikin dawa. Na tsaya ina kaɗa ƙafa, ina duba rana, ina lissafin mutanen da suke shiga gabanmu a layi. Ya daɗe kafin ya fito, fuskarsa ta ƙara duhu. Muka ɗan taɓa tafiya, ya sake cewa a tsaya. Haka muka yi ta yi har muka hau babban titi. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne dattijon yana zubar da ruwan jikinsa da yawa, don haka na tsaya wurin mai shago na sayo ruwan leda, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ku sha. Likitoci sun ce ruwa shi ne rabin magani."

Ya kalli ledar, ya kalli ƙasa. Mutumin da bai taɓa shan ruwa a gabana ba ya juya baya ya shanye, don kada ya kunyata surukinsa. (Duk lokacin da na tuna wannan ledar sai na ji kamar na mari kaina.)

A babban asibitin yankinmu na nuna bajinta, wannan kam ba za a ƙwace mini ba. Na yanki kati, na kutsa nan, na roƙi can, har na samu aka shigar da mu da wuri. Na bi Baba cikin ɗakin likita na tsaya a kansa kamar dogari.

Likitan matashi ne, da gani ya gaji. Ya ce, "Baba, me ke damunka?"

Baba ya saci kallona, ya sunkuyar da kai. "To, jiki ne dai, sai a hankali."

"Olsa ce, likita," na karɓe. "Na ga irinta sak a Kano. Ga gumi, ga riƙe ciki."

"Fitsari fa? Yana fita daidai?"

Baba ya yi shiru. Ni kuwa ina ganin shiru a matsayin gurbin da aka bar mini, na ce, "Lafiya ƙalau! Ai a hanya ma ba mu yi tafiyar kirki ba saboda tsayawa. Ni shaida ne."

Likita ya ce ya hau gado ya ɗaga riga a duba cikin. Baba ya damƙe bakin babbar rigarsa ya ce a bar shi dai, ba wani abu ba ne. Na ce wa likita dattijo ne, ba ya son a wahalar da shi. Likitan ya kalli layin da ke waje, ya rubuta mana gwajin jini, ya ce mu dawo da sakamako. Na fito ina jin kaina a sama.

A bakin ɗakin gwaji Baba ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya zauna a gefen benci, ya miƙe, ya dafa ginshiƙi. Ni kuma ina ta safa da marwa, ina leƙa taga, ina yi wa masu gwajin gorin jinkiri. Nan ne wani mutum mai furfura ya matso. Sanye yake da 'yar shara koriya a kan kaftaninsa, irin ta 'yan kwamitin da ke taimaka wa marasa lafiya a asibitin. Su ne ke nuna wa baƙo inda zai bi, su yi masa bayanin abin da likita ya faɗa, su tsaya masa in an yi watsi da shi. Daga baya na ji ana kiran sa Malam Sabi'u. Ya gaida Baba, ya daɗe yana kallon yadda yake tsaye, sannan ya juyo gare ni.

"Mahaifinka ne?"

"Surukina ne, uban matata. Amma kada ka damu, komai yana hannuna."

"Allah sarki. Da kai aka shiga wurin likita?"

"Ai ni na yi bayanin ma."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce tunda na san kan asibiti, na taimaka na zaga ta baya na tsaya a ɗaya tagar, can sakamako ya fi saurin fitowa. Na ji daɗi an gane darajata, na zabura na tafi.

Da na dawo, babu Baba, babu mai koriyar riga. An sace mini mara lafiya! Me zan gaya wa Hadiza? Na shiga gudu daga wannan baranda zuwa waccan, na leƙa masallaci, na leƙa wurin magani, har ɗakin masu haihuwa na doshi ƙofarsa aka koro ni. Can na hango takalman Baba a bakin ɗakin taimakon gaggawa. Wata nas ta tare ni ta ce ba a shiga. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ba a taɓa mara lafiyata sai da sanina! Na san haƙƙinmu!" Na kauce mata, na nufi gadon da aka zagaye da labule, na fizge labulen.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu.

Baba na kwance, an naɗe babbar rigar har ƙirji, wandonsa na rataye a ƙarfen gado. Likita na sunkuye yana saka masa robar fitsari, jakar da ke ƙasa tana ta cika. A karo na farko tun ranar ɗaurin aurena, idona ya shiga cikin idon surukina. Ya miƙa hannu a hankali, ya jawo hularsa ya rufe fuska.

Da gudu ya kamata na fita. Amma ƙafafuna suka yi abin da suka saba yi a gabansa, na tsinci kaina a durƙushe a gefen gadon, bakina kuma ya ce, "Baba, ina wuni?"

Daga ƙarƙashin hula murya ta fito: "Lafiya lau."

Nas ɗin ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Malam Sabi'u ne ya kamo hannuna ya fitar da ni kamar ɗan akuyar da ya shiga gonar mutane. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni a benci ya ce tunda na gani da idona, babu sauran abin ɓoyewa: tun shekaranjiya fitsari ya ƙi fita, da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Ya ce yana kawar da ni dattijon ya faɗi komai cikin numfashi ɗaya, har da hawaye.

"Mu a aikin nan," in ji shi, "kafin mu buɗe baki sai mun tambayi mara lafiya wa yake so ya shiga da shi. Wani ɗansa ne ba ya so, wata mijinta. Kai kuwa suruki ne. Ko mutuwa zai yi, ba zai ambaci wannan wurin a gabanka ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ya ce wai har ruwa aka ba shi a hanya?"

Na ce ban san wanda ya yi wannan ɗanyen aikin ba. Ya kalle ni, na kalli silifas ɗina.

Baba ya aiko a gaya mini na koma gida na turo Kawu Ado. Shi ɗin da na ce bai san ƙofar asibiti ba, shi ya yi jinyar, Malam Sabi'u kuma ya shirya musu komai har aka tura su Kano aka yi wa Baba aiki. Ya warke sarai, har ya koma gona. Gaisuwarmu ce dai ba ta warke ba. Yanzu daga waje nake durƙusawa na yi sallama, ya amsa daga cikin zaure, kowa na kallon nasa bangon.

Na koyi cewa tsaya wa mara lafiya ba iya surutu ba ne. Kafin ka zama bakin mutum, fara bincika ko kai ne ka rufe masa nasa. Kuma don kada darasin ya zube, bayan sallah Baba ya ba Inna saƙo, Inna ta ba Hadiza, Hadiza ta kawo mini tana danne dariya: "Ya ce a yi maka godiya, Allah ya saka da alheri. Ya kuma ce in ciwon ya sake tashi, don girman Allah kada a gaya maka."