Malam Barau da Naman Layya

Akwai wani dattijo a unguwarmu, Malam Barau, wanda tun ina yaro yake shekara hamsin da biyar. Gemu yana shan baƙin shuni duk Juma'a, wanda kuwa ya kuskura ya ce masa Baba, ranar sai an shiga tsakani.

Kwatsam gwiwarsa ta kumbura suntum, zafi kamar garwashi. 'Yan dubiya suka taru suka yanke hukunci: ciwon gawut ne, na masu cin nama. Nan take matarsa Kande ta kafa doka. Ba tsire, ba balangu, ko romo sai dai ya ji ƙamshi daga nesa. Bawan Allah ya rame, ya zama abin tausayi. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, ragonsa na ɗaure a tsakar gida, kullum suna kallon juna.

Da ciwo ya ƙi sauƙi, Kande ta kai shi asibiti. Likita ya zuƙe ruwan gwiwar da allura, aka duba a ɗakin gwaji.

"Wannan ba gawut ba ne, kama ce kawai suka yi," in ji likita. "Wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne jiki ke tarawa a gaɓa. Zan yi maka allura a gwiwar, ka sha ƙwayoyi, ka riƙa ɗora ƙanƙara. Shi wannan ba ruwansa da nama."

Malam Barau ya miƙe zaune kamar ba shi ke ciwo ba. "Likita, don girman Allah maimaita ta ƙarshen nan da ƙarfi. Kande, matso kusa!"

"Ka ci namanka, daidai misali. Ciwon tsufa ne, galibi sai an haura sittin yake kama mutum."

Kande ta gyara mayafi, ta yi murmushin mugunta. "To, likita, sake dubawa dai. Malam ai hamsin da biyar gare shi, yaro ne ɗanye shakaf. Nasa na nama ne. Ragon nan maƙwabta za su ci."

Malam ya shafa gemun nan da ya sha shuni, ya tuna hanta, ya tuna soyayyen nama. Sai ya ja dogon numfashi.

"Likita, rabu da ita. Ni da kakanta rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, kuma ni aka fara yi wa, don na girme shi."