Motar da Aka Ɗaure a Turke

Ranar Lahadi, 23 ga watan Yuni 1985, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a bakin kasuwar dabbobi ta Tawa, Alƙasum dillalin raƙuma ya gyara rawani ya ce wa duk mai kunne:

"Duk abin da ke tahiya bisa ƙahwa huɗu, kallo ɗaya nike yi mai in san cikinai. Raƙumi, jaki, mota, duk dabba guda ce. Ta Nasara dai ba ta haihuwa."

Na duba agogo na rubuta lokacin. Haka aka koya mana a makarantar mishan tun ina yaro: abin da ba a rubuta ba, gobe mai shi zai ce bai faɗa ba.

Mai karatu, in ba ka san Alƙasum ba, Allah ya hutar da kai. Maƙwabcina ne shekara goma sha tara, katanga ɗaya. Ana ce masa Kallo-Ɗaya, shi kuwa ya ɗauki sunan kirari ne. Gaskiya ya san raƙumi. Masifar ita ce ya ɗauka duniya duka raƙumi ce.

A wancan mako wani puroje, wato shirin aiki, na Turawa masu haƙa rijiyoyi ya gama aiki, ya sa motocinsa uku a gwanjo. Farin bara ya cinye dabbobin mutane, dillanci ya mutu, sai Alƙasum ya ce shi manomi zai koma, amma ba manomin jaki ba. Motar daji yake so, wadda za ta kai taki da iri gonarsa ta bayan Barmu, ta kuma kamo masa barewa a hanya. Ya sayar da raƙuminsa na ƙarshe. Ya sayar da jakuna biyu na matarsa Hajara, sa'an nan ya gaya mata.

Muka tafi zaɓe mu uku: shi, da ni don in karanta takardu, da Salisu makaniki, wanda ya yi wa purojen aiki shekara shida, ya san kowace mota kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Salisu ya nuna wata ƴar ƙarama mai rufin tamfol, duk jikinta a karce. Ya ce ba ta da nauyi, ba ta shan mai, rairayi bai taɓa riƙe ta ba. Alƙasum ya zagaya ta sau ɗaya, ya danna gefenta da babban yatsa, ya tofar da miyau. Ya ce wannan ramammiya ce, haƙarƙarinta a waje, ba za ta ga kaka ba. Ta biyun bai ma tsaya ba, wai idonta ɗaya ya mutu.

Ta ukun ce ta tafi da hankalinsa. Ƙatuwa ce, wadda a da take jan bututun rijiya a kan hanyar tsakuwa, da tankin ruwa a samanta. Alƙasum ya sa aka buɗe mata baki ya leƙa, kamar mai duba haƙora. Ya daki cinyarta ya saurara. Ya nuna tankin ya ce ga tozo. Da aka tayar da ita ta yi ruri har awaki suka tsinke igiya, sai ya lumshe ido kamar mai jin goge.

Salisu ya ce, "Baba Alƙasum, wagga ta hanya ce. In ta shiga jigawa, sai dai a yi mata salla can."

"Yaro," in ji Alƙasum, "ina sayen dabba tun uwarka na goyonka. Mai tozo ba ta kunyata mai ita."

Aka buga hatimi. Ya yi kwana tara yana koyon tuƙi a filin ƙwallo, ya rushe gola ɗaya, ya ce ya iya.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin wannan tafiya, don ba mota ba ce. Hajara tana da irin gero tiya goma sha biyu, irin gidan ubanta, mai saurin nuna. A shekarar yunwa, lokacin da ake cin jar dawar taimako, lokacin da wasu suka daka irinsu suka sha kunu, ita ta zuba nata a tulu ta liƙe baki da yumɓu, ta ce wa ƴaƴanta toka ce a ciki. Ina jin kukansu ta katanga. Ba ta fasa tulun ba. Wanda ya san jigawar ƙasarmu ta Adar ya san danshin ruwan farko kwana biyu yake yi. In iri bai shiga ƙasa a cikinsu ba, ka koma jiran sama, ita kuwa sama a shekarun nan ba ta cika alkawari.

Ruwa ya sauka ranar Talata, 2 ga Yuli, da la'asar. Laraba da ƙarfe shida da rabi na safe muka hallara ƙofar gida. Hajara ta juye irin a buhu, ta hau bayan mota ta zauna a kansa. Salisu ya zo don ya raka mu, ya durƙusa yana rage iskar tayoyi, don taya mai laushi ita ke shimfiɗa ƙafa a kan rairayi kamar tafin raƙumi. Alƙasum ya fito da tsohuwar bindigarsa, ya ga tayoyi sun saki ciki, ya yi salati kamar an yi masa mutuwa. Mutumin da ya ga fari biyu, in ji shi, ba zai fita gari da dabba mai yunwa ba, mutane su ce ya kasa ciyar da ita. Salisu ya yi bayani sau uku. A na ukun aka sallame shi. Sarkin sani ya kama famfo da kansa, ya dinga bugawa har tayoyin suka yi tauri kamar dutsen niƙa, ya shafa su ya ce yanzu ta ƙoshi.

A kan hanyar tsakuwa kam ta yi tafiya, ban hana ta ba. Alƙasum yana ɗaga wa masu jakuna hannu kamar kwamanda. Yana gaya mini yadda za a yi da naman barewa. Rabona da ganin barewa a wannan daji tun kafin fari na farko. Sun tafi tare da itatuwa da mutane da yawa da na sani.

Da ƙarfe tara saura kwata, bayan mun wuce Barmu mun sauka kan turbar ƙauye, wata zabuwa ta gitta. Alƙasum ya ce, "Ga kalaci." Ya murɗa sitiyari ya bar turba.

Inda zabuwar ta shiga, gonar wani dattijo ce mai suna Alhusaini, wadda shi da iyalinsa suka gama shukawa da hantsin nan. Suna can ƙarshen gona da sungumi a kafaɗa. Hajara tana bugun rufi, ni ina cewa shuka ce, shuka ce, shi kuwa maharbin duniya yana bin zabuwa. Ta yi gabas, muka yi gabas. Ta kewayo, muka kewayo. Sau uku muka zagaye gonar bawan Allah. A tsakiyarta motar ta yi nishi ta zauna.

Na ce mu rage iska kamar yadda Salisu ya faɗa. Ya ce taurin kai ne kawai, ya san halinsu, raƙumin da ya ƙi tashi bulala yake so. Ya taka mata wuta. Tayoyin nan ƙosassu suka shiga haƙa, suna watsa ƙasa da irin mutane sama. Ya yi baya, ta haƙa. Ya yi gaba, ta haƙa. Motar masu rijiya ce, ta tuna sana'arta. Cikin minti goma sha ɗaya cikinta ya kwanta a ƙasa, har ba sai an yi tsalle ba wajen sauka. Zabuwar ta dawo ta tsaya tana kallonmu. Da jan zare a ƙafarta. Ta gidan Alhusaini ce.

Alhusaini bai yi faɗa ba. Ya dubi gonarsa, ya dubi mu, ya aika a kira mai gari.

Mai garin tsoho ne mai magana a hankali, kuma yana kasuwar Tawa ranar Lahadin nan. Ya zauna a inuwar motar, ya ce shi a iya saninsa shari'a biyu ce. In wannan abu mota ce, ba huruminsa ba ne, sai a aika wa jandarma su zo su duba takardar tuƙi, su kuma duba bindigar da ke kan kujera, su da ƴan gandun daji. In kuwa dabba ce, kamar yadda ya ji wani masani ya faɗa a kasuwa, to al'ada ta san ɓarna: a ɗaure dabbar inda aka kama ta, mai ita ya mayar da abin da ta ɓata, da irinsa, da hannunsa.

"To, Malam Alƙasum, kai ne mai kallo ɗaya. Mi ce ce?"

Zamanin soja ne. Alƙasum ba shi da takardar tuƙi, ba shi da ta bindiga.

"Dabba ce," in ji shi.

Aka kawo turke aka kafa, aka ɗaura igiya a ƙarfen gabanta. Motar da shanu goma ba za su motsa ba. Mai gari ya ce al'ada al'ada ce.

Dattawa suka taka gonar, suka ce ɓarnar ta ci tiya tara. Kowa ya juya ga buhun. Hajara ba ta yi kuka ba. Ta sauko, ta kwance bakin buhu, ta auna tara da hannunta, ba ta rage ko ƙwaya ba. Ta ce wa Alhusaini kada ya zurfafa rami, irin ba ya son nisa da rana. Sauran ukun ta ƙulle a zane ta ɗora a ka. Sa'an nan ta dubi mijinta.

"Na tsare shi daga bakin ɗiyana," ta ce. "Ban san daga bakinka ya kamata in tsare shi ba."

Ta kama hanyar gonarsu da ƙafa, tafiyar awa uku. Ta shuka ɗan abin da ya rage kafin rana ta faɗi, ita kaɗai. Shi kuwa ya wuni a gonar wani, sungumi a hannu, rawani a ƙugu, yara na bin sa suna gyara masa layi.

Na dawo Tawa a bayan raƙumin wani Buzu. Na roƙi Salisu ya je ya fitar da motar. Ya ce shi yaro ne, sai ya yi shawara da uwarsa. Shawarar ta ɗauki kwana takwas. Da muka isa, gero ya tsiro kore shar ko'ina kewaye da ita. Salisu ya ce a ba shi minti biyar da faifan ƙarfe biyu na shimfiɗa wa taya. Alhusaini ya ce ta ina za ta bi? Mai gari ya yanke: dabbar da ta yi ɓarna da shiga ba a bari ta yi da fita. Sai bayan girbi. Kuma mai dabba shi ke tsaron dabbarsa.

Damina ta yi kyau a shekarar. Na koma ranar 14 ga Satumba, da ƙarfe huɗu na yamma, na rubuta waɗanda na tarar a tsakiyar gonar:

Geron gidan uban Hajara, ya fi mutum tsawo, mafi kyau a duk ƙasar Barmu, na Alhusaini ne.

Motar, a turke, tayoyi huɗu sun sace don kansu, ba wanda ya taɓa su.

Zabuwar, a ƙarƙashin motar, da ƴaƴa goma sha huɗu.

Alƙasum Kallo-Ɗaya, zaune a kan tozo, yana wa tsuntsaye bayanin yadda ake zaɓen mota. Alhusaini ya ce mini tun da yake noma bai taɓa samun abin korar tsuntsu irinsa ba, ko ɗaya ba ya iya zama ya ji ƙarshen maganar.