Yadda Za Ka Cike Fom Ɗin Jami'a Kowa Ya Sa Maka Albarka

Ka gama sakandare, ga fom a hannunka, gurbi biyu ne kacal: zaɓi na farko da na biyu. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu wanda zai yi fushi da kai a gidanku.

1. Manta da abin da kake so

Na san tun kana aji uku kake zana gidaje a bayan littafin lissafi, har da tagogi da inda iska za ta shigo. To, rufe littafin. Wa ya tambaye ka?

2. Kai fom ɗin falo

Kada ka kuskura ka cike shi kai kaɗai. Jira Baba ya sa tabarau. Zai ce, "Rubuta likitanci, ai na riga na faɗa wa abokaina." Kada ka tuna masa ranar da wuƙa ta yanki Mama a kicin, aka bar ta riƙe da yatsa aka koma yayyafa maka ruwa. Ka ce, "To, Baba."

3. Gurbi na biyu na Kawu ne

Shekara shida Kawu yana shari'ar fili, ya gaji da kallon lauyoyin wasu. Zai ce, "Sa aikin lauya, ɗana, gidan nan na bukatar mai baki." Idan ka ji "zanen gine-gine" na neman kuɓuce maka, yi tari.

4. Kada ka saurari bare

Mai shagon kwamfuta da zai tura fom ɗin zai dubi sakamakonka, ya dube ka, ya ce, "Malam, da wannan makin na kimiyya? Ka tabbata?" Ka ce ka tabbata. Shi ba danginku ba ne, me ya sani?

5. Amsa sunan tun yanzu

Daga yau kai ne Likita. Goggo za ta kawo maka gwiwarta. Duba ta da kyau, gyaɗa kai, ka ce ta rage tsayuwa.

6. Ranar da sunaye suka fito

Karanta daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama. Babu kai. Baba zai ce, "Yaron nan bai dage ba." Kawu zai ce shi dama ya ga alama. Kada ka yi musu, domin rubutun da ke kan fom ɗin naka ne, sa hannun ma naka.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da alhakin shekarar da za ka yi a gida kana sayo wa Mama albasa. Ni ma sau uku na bi matakan nan, ko ɗaya ban tsallake ba. Yanzu siminti nake sayarwa. Idan masu zanen gidaje suka shimfiɗa takardunsu a kan teburina, nakan daɗe ina kallo, kuma abin yana min ciwo. A gida har yau Likita ake ce min, ina kuma amsawa.