Ranar da Na Kashe Baba Ɗanjuma

Shekarar da kwalara ta shigo ƙasar Sabuwa, aka ɗauke mu, 'yan matan da muka gama sakandare, mu bi ƙauyuka muna tambayar wa ya kwanta, wa ya tashi. An gargaɗe mu cewa tsofaffi ba sa amsawa. Wasu suna zaton ƙirgen haraji ne, wasu kuma sun ce ambaton ciwo kiransa ne. Na ce a raina, ai ba su gamu da mai ilimi ba ne.

A Damari na tarar da wani dattijo, Baba Ɗanjuma, kwance a gindin ɗorawa, ya lulluɓa da mayafi har ka. Na yi sallama, shiru. Na durƙusa na gaishe shi, shiru. Ƙuda ya sauka a ƙafarsa, ko motsi bai yi ba. Nan na ce a raina ya mutu. Ban taɓa ganin gawa ba, kuma tsoron ciwon ya hana ni taɓa shi. Na bar takalmi ɗaya a wurin, na faɗa gari ina kuka, ina cewa kwalara ta ɗauke shi.

Mata suka ɗauki kuka, liman ya aika a nemo likkafani. Muna isowa da jama'a, sai ga mamacin zaune yana ɓarar gyaɗa.

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, barcin ƙarya na yi don ki wuce da tambayoyinki. Mi ya yi zafi har da likkafani?"

Na tsinci takalmina, na kama hanyar gida. Shi kuwa duk wanda zai zo garinmu Faskari sai ya ba shi saƙo: "Ka ce ma malama gawarta na gaishe ta, kuma har yanzu gawa ba ta amsa tambaya."